Jinjina ga Magidantan Aro

A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nemi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kusa da Abeokuta, su sauki masu taɓin hankali a gidajensu. Suka amince, a zamanin da mari da kulle ne rabon waɗannan bayin Allah. Majinyaci kan zo da ɗan'uwa mai kula da shi, ya yini a asibiti yana karɓar magani, ya kwana cikin jama'a. Ma'aikatan jinya suna kusa ko da tsakar dare.

An biya magidantan kuɗin haya, gaskiya ne. Amma ba kowa kuɗi ke sa ya sauki baƙon da ake gudu ba, balle a gidan da yara ke wasa. Sannunku da ƙoƙari, mutanen Aro.