Kafin a rataya faifai a ƙugu

Wani yayi ya shigo wuraren motsa jiki. Matashi zai ɗaura sarƙa a ƙugu, ya rataya faifan ƙarfe mai kilo 20, ya kama sandar sama yana jan jikinsa, abokinsa na ɗaukar bidiyo don TikTok. Ƙara nauyi a wannan atisaye abu ne mai amfani, ina kuma goyon bayansa. Gaggawar da ake yi ce ke damuna.

Mai kilo 70 da ya ja kansa har haɓarsa ta wuce sanda, kusan kilo 70 ɗin ya ɗaga. In ya rataya 20, ya ɗora wa gaɓoɓinsa fiye da rubu'in abin da suka saba, a rana guda. Tsoka tana saurin yin ƙarfi, amma jijiyoyin da suka ɗaure ta da ƙashi ba su samun jini kamar ita, don haka a baya suke tafe. Daga nan ciwon cikin gwiwar hannu yake kamawa, wanda kan ɗauki watanni bai saki mutum ba. Kafaɗa kuma a saukowa take shan wuya, lokacin da mutum ya saki jiki nauyin ya fizge shi ƙasa. Shi ya sa nake ganin duk wanda bai kai sau 10 a jere ba, ba lilo, ba harba ƙafa, hannu na miƙewa sosai a ƙasa, bai kai ga ɗaura komai ba tukuna. Wanda ya kai, ya fara da kilo 2.5 ko ƙasa da haka, ya sauko a hankali, in ya gama ya taka benci maimakon ya diro.

Za a ce jiki ba ya ci gaba sai an matsa masa. Gaskiya ne, amma mai ƙara kilo 1 kowane mako biyu zai kai kilo 12 cikin wata shida, wanda ya ji ciwo kuwa a zaune zai yi watannin. Wasu kuma za su ce inda suke atisaye babu ƙananan faifai, sai manya. Wannan uzuri ya fi ƙarfi, sai dai lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ledar fiya wata kuma rabin kilo. A zuba su a jakar goyo, a tsuke madaurinta kada ta riƙa lilo a baya, a ƙara leda ɗaya duk mako.