Makaɗin Da Ba A Yi Wa Liƙi

Yau zancen kiɗa na zo mana da shi, kuma a kan wani mutum ne da na tabbata da yawanku kun sha jin aikin hannunsa, amma ko sunansa ba ku taɓa ji ba. Kada wadda ta ji kunya, ni ma sai da ya kwanta ciwo na san akwai shi a duniya.

Abin da ya tuno mini da shi, kwanakin baya ne muka je kamun ɗiyar yayata a Ƙofar Ƙaura. Yara sun yi ta tsalle-tsallensu da waƙoƙin zamani har kaina ya fara ciwo, can sai yaron da ke saka kiɗa ya sako tsohuwar waƙar nan ta 2Face, wato African Queen. Wallahi jita ɗin farko kawai aka kaɗa, sai na ga sa'o'ina, mu da muke 'yanmata a 2004, kowa ta saki murmushi tana gyaɗa kai. Na taɓa wadda ke kusa da ni na ce, "Hajiya, waƙar wa ce wannan?" Ta ce, "Kai Maman Ummi, 2Face mana, har kin manta?" Na ce, "To wa ya haɗa kiɗan?" Sai ta dube ni kamar na tambaye ta sunan wanda ya haƙa rijiyar Kusugu.

Sunansa Babatunde Okungbowa, amma OJB Jezreel aka fi saninsa da shi. An haife shi a 1966, ya yi aikinsa a unguwar Surulere ta Legas, ya rasu ranar 14 ga Yuni 2016 yana da shekara 49. Sana'arsa ita ce wadda yara ke kira furodusa, wato mai haɗa kiɗa a sitidiyo. Mawaƙi zai zo masa da baitoci da 'yar murya a baka, shi kuma ya zauna gaban fiyano da kwamfuta ya yanke cewa waƙar nan a hankali za ta tafi ko da sauri, ina ganga za ta shigo, ina za ta yi shiru. Ya sa mawaƙi ya maimaita baiti ɗaya har sai ya zauna, sannan ya jera muryoyin bisa juna har ki rantse 'yan amshi biyar ne, alhali sau da yawa mutum ɗaya ne. Kin ga kenan shi ne makaɗi, shi ne mai koyar da amshi, kuma shi ne mai ɗanɗana miya kafin a kai wa baƙi.

Na ce miya da gangan. Ke da kike gida kin san yadda abin yake. Ki wuni kina daka, ki sha hayaƙi, ki daidaita daddawa da gishiri, baƙo ya ci ya side hannu a zaure, sannan ya juya ya ce wa maigida, "Alhaji an gode, Allah ya ƙara arziki." Ke kuwa kwanukan wanke-wanke ne rabonki. To mai haɗa kiɗa ɗan uwanmu ne a wannan fanni.

Bari in faɗi abin da nake gani ya sa kiɗan African Queen ya daɗe bai tsufa ba, don na sake saurarensa ya fi sau goma bayan bikin nan. Haƙuri ne. Mutumin nan yana da kayan sauti iri-iri a gabansa, da ya so da ya zuba su duka, amma sai ya bar jita tana tafiya a sanyaye, ganga kuma can ƙasa-ƙasa kamar mai jin nauyin surukai, ya bar wa murya fili ta sha iska. Ko ba ki jin Turanci sosai, kina ji kin san lallashi ake yi. Mu Katsinawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ku saurari kalangun da ke bayan marigayi Mamman Shata, za ku ji yadda makaɗan ke ja da baya idan zai yi magana, su dawo da ƙarfi idan ya aje numfashi. Haka ƙwaryar Barmani Choge, ba ta taɓa danne mata murya ba. OJB bai tashi cikin kalangu ko amada ba, amma wannan ladabin na makaɗi ya iya shi.

Waƙar ta fito ne cikin faifan Face 2 Face na 2004, wanda 2Face ya yi bayan ya rabu da ƙungiyarsu ta Plantashun Boiz, kuma OJB ne ya haɗa galibin kiɗan faifan. A 2005 2Face ya karɓi kyautar MTV ta Turai ta gwarzon mawaƙin Afirka, a 2006 kuma aka saka waƙar cikin wani fim na Amurka mai suna Phat Girlz. A wancan zamani samarinmu masu son hip hop, wato gambarar zamani, kaset ɗin Amurkawa suka fi saye, na gida kuwa kallon kwaikwayo ake yi masa. Aikin su OJB yana cikin abin da ya juya wannan. Shi ya yi wa Ruggedman kiɗa, shi ya haɗa wa Jazzman Olofin waƙar Raise Da Roof inda aka gauraya gambara da fujin Yarbawa na Adewale Ayuba. Wizkid ɗin nan da 'ya'yanku ke ji da shi, yana yaro a sitidiyon OJB yake zuwa ya raɓe yana kallon manya na aiki.

Ba zan ce duk abin da ya taɓa zinariya ba ne. Shi ma ya yi nasa waƙoƙin da bakinsa, irin su Searching, kuma ni dai a kunnena sun fi kama da na Baƙaƙen Amurka fiye da na nan, ba su kama ni kamar abin da ya yi wa wasu ba. Wasu kiɗe-kiɗen nasa ma in kin ji su yau za ki ji sautin fiyanon ya yi siriri, zamani ya wuce shi. Akwai mutumin da Allah ya yi shi don ya gyara wa wani, in ya zo kansa sai hannun ya yi sanyi, kamar mai kitso da nata kan.

A 2013 sai labari ya ɓulla cewa ƙodarsa ta lalace, ana neman kuɗin da za a kai shi Indiya a yi masa dashe. Mutumin da kiɗansa ya zagaye duniya, sai da aka yi masa yekuwar neman taimako a jaridu da rediyo. Jama'a sun taimaka, gwamnan Ribas na lokacin, Rotimi Amaechi, yana cikin waɗanda suka bayar da kaso mai tsoka. Amma abin da ya tsaya mini a rai har yau, matansa uku ne, kuma uwargidan ce ta ba shi ƙodarta guda. Ban kawo wannan don in tsokano zancen kishi ba, kowa ta san gidanta. Na dai ga cewa wanda ya ƙare rayuwarsa a bayan fage, wata ta bayan fagen ce ta tsaya masa. Ya ƙara kusan shekara uku a duniya bayan aikin. Allah ya ba iyalinsa haƙuri.

Me ya sa irinsu ke ƙarewa haka? A ƙasar nan abin da aka saba, mai haɗa kiɗa sau ɗaya ake biyansa, a sallame shi. Mawaƙi kuwa duk bikin da ya je da waƙar nan sai an biya shi, ga liƙi, ga kyautar mota. A Amurka akwai wani gwanin wannan sana'a, J Dilla, da ya rasu a 2006 yana da shekara 32. Na'urar da yake haɗa kiɗa da ita tana ajiye yanzu a gidan tarihin Baƙaƙen Amurka da ke Washinton, mutane na zuwa kallo.

Kada mu ce wannan halin mutanen Legas ne, mu ma nan haka muke. Wace ce a cikinmu ba ta haddace waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ba? Mun san Ali Nuhu, mun san Fati Muhammad, amma sunan wanda ya kaɗa fiyanon yana can cikin rubutun ƙarshen kaset, lokacin mun riga mun tashi ɗora sanwa. A 2020 da Jarumar Hamisu Breaker ta fito, matan aure nawa suka taka rawa a gaban mazajensu? Abin da ya ɗaga ƙafar tasu kiɗan ne tun kafin a fara baiti, amma ban ji wadda ta tambayi hannun wa ya fito ba. Kuma a nan cikin Katsina akwai samari da ke kwana a 'yan ƙananan sitidiyo, suna jiran a kawo wuta ko su haɗa kuɗin man janareto, su yi wa amare waƙar biki. Wataƙila ƙanenki ne, wataƙila shi ya haɗa wadda aka saka ranar kamunki.

Da muka dawo daga bikin nan na sa ɗiyata Ummi ta nemo mini hotonsa a waya. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Mama, wannan ai ban taɓa ganinsa cikin bidiyon waƙar ba." Na ce ta mayar mini da ita farko, daidai wurin jitar nan, kafin 2Face ya buɗe baki.