Mai Rijiya da Mai Ƙuri'a

Da yawa a cikinmu sun san Sabha, babban garin Fazzan a kudancin Libiya, gama nan 'yan ci-ranin da suka bi ta Agadas sukan yada zango. Amma kaɗan ne suka san yadda aka fara wakiltar mutanen wannan lardi.

A shekara ta 1950 aka kafa majalisar da za ta rubuta wa Libiya tsarin mulki. Kowane lardi ya sami wakilai 20, ko da yake mutanen Tarabulus sun ninka na Fazzan fiye da sau 10. Wakilan Fazzan kuwa ba talakawa ne suka zaɓe su ba. Shugaban lardin, Ahmad Saif al-Nasr, na babban gidan Awlad Sulaiman, shi ya zaɓo su.

Masu kare wannan shiri suna cewa ya hana babban lardi danne ƙarami. Gaskiya ne. Amma wa ya hana babban gida danne ƙaramin mutum? Manomin da yake jan ruwa a rijiyar wani, yana ban-ruwa ga dabinon wani, ina bakinsa a majalisar nan?

Turawan Ingila ma sun yi wannan ciwo. Garin Old Sarum ya zama kufai, masu jefa ƙuri'arsa ba su kai 20 ba, duk da haka yana aika wakilai 2 majalisa, mai ƙasar wurin ne yake nuna su. Ta nan William Pitt babba ya shiga majalisa a 1735. Ya zama gwani, amma gwanintarsa ba ta wanke hanyar ba. Dokar 1832 ta soke kujerun irin garuruwan nan 56, sa'an nan a 1872 aka soma jefa ƙuri'a a asirce, don kada mai gona ya ga hannun ɗan aro.

'Yan'uwa, kada mu yi wa waɗannan dariya. Sa'ad da muke zaɓen dattawan ikkilisiya, sau nawa mukan ɗaga hannu muna satar kallon gidan da ya ba da filin majami'a? Su kuwa sun ba Ubangiji fili ne, ba su sayi kujera ba. Mu gode musu da zuciya ɗaya, sa'an nan mu yi zaɓenmu a takarda, a ƙirga a gaban kowa. Wanda ya ci bashin hatsi a gidan mutum ba ya iya ce masa a'a ido da ido.