Harshe Biyu a Bakin Ɗan Baƙo: Sharhi a kan Fim ɗin Head On

Na kalli wannan fim a gidan wani malamin makaranta kusa da Ƙofar Kwaya. Da ya ƙare sai maigidan ya ce, “Wannan ai ba labarinmu ba ne.” To, ni ban yarda da shi duka ba.

Ana Kokkinos ce ta shirya fim ɗin a 1998, daga littafin Loaded na Christos Tsiolkas, wanda ya fito a 1995. Labarin yini ɗaya ne da dare ɗaya na Ari, saurayi ɗan shekara 19, ɗan Girkawa mazauna Melbon ta Ostiraliya. Ba shi da aikin yi, yana shaye-shaye, yana kuma neman maza a ɓoye. Sau da yawa mai shirin ta tsawaita nuna shashancinsa har ya gundure mai kallo. Wannan aibi ne, ba shakka.

Amma gwanintarta tana ga harshe. Iyaye su yi faɗa da Girkanci, ’ya’ya su mayar da Ingilishi, watau kowa ya fake a harshen da ya fi ƙarfi a cikinsa. Duk wanda ya zauna a zangon Kumasi ko Sabo ta Ibadan ya san irin wannan gida. Abokin Ari kuwa, Johnny, yana sa tufafin mata, ya ɗauki sunan mahaifiyarsa marigayiya, Toula. Da ’yan sanda suka kama su, ɗan sandan da ya yi masa dukan wulaƙanci Bagirke ne ɗan’uwansa, don kunyar a ga nasu a haka.

A nan ne ɗalibin Hausa zai tsaya. Bature ya ce “you” ya wuce, bai furta jinsi ba. Bahaushe kuwa tilas ya zaɓi “kai” ko “ke” tun a kalmar farko, shi ya sa “ke” ɗin da ’yan daudu kan ce wa juna ke da nauyi. Rudolf Gaudio ya bi wannan magana tasu a Kano cikin littafinsa na 2009, Allah Made Us. Finafinanmu sun ari muryar ɗan daudu da karairayarsa, kamar yadda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi, amma galibi don ban dariya kawai. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya bi shi gida, ya zaunar da shi gaban mahaifinsa, mu ji da wace kalma uban zai kira shi ba.