Keken Tsauni a Ƙasar Dangamaji: a Gyara Turba Kafin a Shirya Tsere

A 'yan shekarun nan wani nau'in keke mai kaurin taya da giya da yawa ya bazu a hannun matasan garuruwan Arewa, mafi yawansa na hannu ne da 'yan kasuwa ke shigowa da shi daga ƙetare, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da dama da suka jingine keke saboda babur suka koma gare shi. Wannan nau'i shi ake kira keken tsauni, wato keken da aka ƙera domin hanyar da ba ta da kwalta, mai duwatsu da hawa da gangara. Hawansa wasa ne mai dokoki da gasa a duniya, kuma alamu na nuna cewa sha'awarsa za ta ƙaru a yankuna irin su Dangamaji da sauran ƙasar Jega da Aliero da Maiyama a jihar Kebbi. Wasan ya cancanci maraba, amma tarihinsa ya nuna cewa turba ce ginshiƙinsa, kuma turba a wannan yanki tana da masu ita tun kafin zuwan ɗan wasa.

Wasan ya samo asali ne a shekarun 1970 a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda wasu matasa suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su daga tsaunuka, har suka fara tseren da ake kira Repack a 1976. Daga cikinsu akwai Joe Breeze, wanda ya ƙera firam na musamman domin wannan hawa, da Gary Fisher da Tom Ritchey da Charlie Kelly, waɗanda suka mayar da abin sana'a. Kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper a 1981, aka yi gasar duniya ta farko a ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya a garin Durango a 1990, sannan wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta a 1996. Abin lura shi ne, tun wasan yana jariri ya haɗu da rikici a kan hanya, domin masu yawo a ƙafa da mahaya dawakai sun koka da gudun 'yan keke da ɓarnar da suke zargin tayoyinsu na yi, har aka rufe musu turbobi da dama. Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar IMBA a 1988, wadda babban aikinta shi ne sasantawa da masu ƙasa da koyar da yadda ake shimfiɗa turba.

Wuraren da suka ci ribar wasan su ne waɗanda suka fara da wannan darasi. A yankin Cuyuna na jihar Minnesota, tsofaffin ramukan haƙar tama sun cika da ruwa sun zama tafkuna, kurmi ya rufe tarin jar ƙasar da aka bari, kuma da aka buɗe turbobin keke a wurin a 2011, garin Crosby da ya durƙushe bayan rufe ma'adinai ya sake samun baƙi da ciniki. A Afirka kuwa, Ruwanda ta buɗe hanyar Congo Nile a shekarar 2011 ɗin, mai tsawon kilomita 227 a gefen tafkin Kivu daga Rubavu zuwa Rusizi, kuma yawancinta tsofaffin hanyoyin ƙauye ne da manoma ke bi, waɗanda aka yi wa alama aka haɗa su da masauki da 'yan rakiya daga cikin mutanen wurin. Misalin Ruwanda ya fi kusa da halin Kebbi, saboda bai buƙaci sare daji ko kashe kuɗi mai yawa ba.

Shimfiɗa turba ilmi ne da ya dogara ga sanin halin ruwa. Ƙa'idar da masana suka fi ambata ita ce, gangarar turba kada ta wuce rabin gangarar tudun da take ratsawa, domin idan ta wuce, ruwan sama zai bar hanyarsa ya bi turbar ya mayar da ita kwazazzabo. Ana kuma so matsakaicin hawanta ya tsaya kusa da kashi 10 cikin 100, a ɗan karkata doronta zuwa waje domin ruwa ya zirare, sannan a riƙa sa mata ɗan kwari da ɗan tudu a kai a kai domin a karya ƙarfin kwarara. Bayan haka ana rarraba turbobi da launi gwargwadon wahalarsu, daga kore na masu koyo har zuwa baƙi na ƙwararru. Duk wanda ya ga yadda mamakon watan Agusta ke cinye hanyoyin ƙauye a ƙasar Gwandu zai gane cewa wannan ilmi yana da amfani ga mai amalanke da mai jaki fiye ma da yadda yake da shi ga ɗan wasa.

Idan ana neman tafki da daji a Kebbi, kudu ake dubawa, inda tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, ya miƙo har Yauri, yayin da gandun dajin ƙasa na Kainji, mai sassa biyu na Borgu da Zugurma, yake a jihohin Neja da Kwara. Ƙasar Zuru kuma tana da duwatsu. Sai dai matsalar tsaro da ta addabi dazuzzukan wannan shiyya ta sa bai dace a kwaɗaita wa matasa shigarsu ba a halin yanzu. Ƙasar Dangamaji ba ta da kurmi ko manyan tsaunuka, amma tana da abin da wasan ke buƙata: fadamar gulbin Zamfara da ya ratsa ta Jega, da jigawa mai rairayi da ke gwada ƙarfin cinya, da fako da tuddan marmara, da ɗimbin turbobi da suka haɗa ƙauye da ƙauye. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da amfanin gona ya shigo gida kuma hunturu ya sanyaya gari, ƙasar takan bushe ta yi daɗin hawa.

Keke kuma ba baƙo ba ne a nan. Tun zamanin da kekunan Raleigh da Phoenix suke alamar rufin asiri, manomi ke ɗora taki da buhu a kariya, malami ke zuwa makaranta, yara ke koyon tuƙi a wurin masu hayar keke, kuma da wuya a sami kasuwa a yankin da babu mai faci da gyaran sarƙa da birki. Mutumin da ya saba ratsa rairayi da kayan albasa daga fadama zuwa kasuwar Aliero ya riga ya mallaki juriyar da 'yan wasa ke nema ta hanyar horo. Saboda haka kuskure ne a ɗauki wasan a matsayin kayan 'yan birni da za a kawo wa ƙauye, alhali gwanayensa na farko suna cikin ƙauyen.

Babban abin da ya kamata a kiyaye shi ne haƙƙin hanya. Turbar da ke tsakanin gonaki iyaka ce, kuma burtali, wato hanyar da aka keɓe wa dabbobi domin su isa makiyaya da mashaya ba tare da sun shiga shuka ba, amana ce da cinye ta ya haddasa rigingimu masu yawa tsakanin manoma da makiyaya a Arewa. Ayarin matasa da ke tahowa a guje zai iya firgita garke ya afka gona, ko ya ture mace da ke ɗauke da ruwa, kuma irin wannan karo ɗaya ya isa ya sa gari ya tsani wasan. Don haka wajibi ne a nemi iznin hakimi da mai gari da ardo kafin a yi wa kowace hanya alama, a dakatar da hawan wasa da damina lokacin da ƙasa ta jiƙe kuma shuka ta kai bakin turba, a kuma tabbatar da doka cewa mai ƙafa da dabba da mai kaya su ne da fifiko. Idan aka bi wannan, wasan zai iya zama garkuwa ga burtalin kansa, domin hanyar da aka auna aka zana taswirarta, jama'a kuma suna bin ta a kai a kai, ta fi wuyar haɗiyewa a cikin gona.

Akwai masu ganin cewa wannan duk wasan ƙoshi ne a lokacin da jama'a ke fama da tsadar abinci, kuma maganarsu tana da nauyi matuƙar za a ɗebi dukiyar gwamnati a sayo kekuna masu tsada domin biki na yini ɗaya. Amsar ita ce tsarin da ake nufi ba ya cin kuɗi, tun da abin da yake buƙata bai wuce alluna da fenti da aikin gayya ba, kuma amfaninsa, wato hanya mai kyau da ƙarin ciniki ga masu gyara da masu abinci, yana zama a garin. Abin da ba za a yi sassauci a kansa ba shi ne hular kwano da birki mai kyau, domin ko da yake Aliero ta yi suna wajen ɗori, raunin kai ba ya ɗoruwa.

Aikin yana hannun ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, tare da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda ɗalibanta za su iya auna hanyoyin su zana taswira. Ya isa a fara da zagaye guda gajere da ya haɗa ƙauyuka kaɗan, a ware rukuni na musamman ga masu keken aiki mara giya domin kada talaka ya zama ɗan kallo, a kuma yi hawan farko a ranar da masu gari suka zaɓa. Duk hukumar da ta fara da sayen kofi da rigunan tsere kafin ta zauna da manoma da makiyaya, ta fara ne ta inda ya kamata ta ƙare.