Masu Kiwon Idon Yaro

Kafin shirin yara na Sesame Street ya fara fitowa a talabijin a Amurka ranar 10 ga Nuwamba, 1969, akwai wani mutum a cikin ma'aikatansa da aka ɗora wa aikin lura da idanun yara. Sunansa Edward Palmer. Yakan zaunar da ƙananan yara a gaban akwatin talabijin, ya kafa majigi a gefe yana haska wasu hotuna na daban, kowane sakan 7 da rabi sabon hoto ya fito. Sai masu bincike su zura wa yaran ido. Duk lokacin da yaro ya kau da kai daga shirin ya koma ga hotunan gefe, a rubuta. Idan an gama da yara da dama, sai ga hoton shirin gaba ɗaya a takarda: nan ya riƙe su, nan suka kuɓuce masa. Inda suka kuɓuce, a koma a rushe a sake gini.

A ganina, nan ne cibiyar wannan sana'a ta shirya bidiyon koyarwa. Gwani a cikinta shi ne wanda ya yarda ɗan shekara huɗu ya yi masa alƙalanci. Kuma alƙalin ba ya jin kunyar kowa. Masanan da aka nemi shawararsu tun farko sun ce kada a haɗa mutane na gaske da 'yan tsana masu magana a fage ɗaya, don kada yara su kasa bambance gaskiya da almara. Aka bi maganarsu. Da aka gwada shirin a gidaje a birnin Filadelfiya a tsakiyar 1969, sai aka ga da zarar 'yan tsanan sun bar allo manya sun fara hira, yaran sun watse. Dole aka saɓa wa masana, aka shigo da ƙaton tsuntsun nan rawaya, Big Bird, ya zauna a unguwar shirin tare da mutane.

Mutum zai ɗauka abin da ke riƙe yaro shi ne launi da tsalle-tsalle da kiɗa. Daniel Anderson na Jami'ar Massachusetts da abokan aikinsa sun gwada wannan zato. Suka ɗauki sassan shirin, wasu suka hargitsa jerinsu, wasu suka mayar da maganar cikinsu zuwa harshen Girka, launi da motsi kuwa suna nan yadda suke. Kallon yaran ya ragu. Ashe yaro yana kallo ne muddin yana fahimta. Idan zaren ya tsinke masa, sai ya tashi ya nemi abin wasansa. Wannan binciken ya isa amsa ga duk mai kunna wa 'yan aji ɗaya na ƙauye bidiyon Turanci yana mamakin hayaniyarsu. Shi ya sa da aka kawo shirin Najeriya a 2011 da sunan Sesame Square, NTA tana nuna shi, aka ba shi 'yan wasa na gida irin su Zobi, direban tasi mai son doya, daga baya kuma aka yi na Hausa, Dandalin Sesame.

A fannin koyon karatu ne aikin ya fi laushi. Yaro kan haddace haruffa da wuri, ya rera su kamar waƙa. Inda yake tuntuɓe shi ne haɗa sauti da sauti su zama kalma. Shirin The Electric Company, wanda kamfanin da ya yi Sesame Street ya fito da shi a 1971, ya samo wa wannan dabara mai sauƙi ƙwarai: inuwar fuskoki biyu suna fuskantar juna, ɗaya ta furta farkon kalma haruffan su fito daga bakinta, ɗayar ta furta ƙarshen, sassan biyu su matso har su haɗe, sannan a faɗi kalmar tare. Babu ado, babu komai a bayan fage. Abin da ke faruwa a ɓoye cikin kan mai karatu ne aka fito da shi fili ido ya gani. Mai yin irin wannan da Hausa yana da sa'a, domin yawancin kalmominmu gaɓa-gaɓa suke, ra da na su ba da rana. Amma yana da nasa ƙalubalen: sai ya kawo kyamara dab da baki, ya kashe kiɗa, yaro ya ji bambancin kafa da ƙafa, ya kuma ga lanƙwasar da ke kan harafin a daidai lokacin da kunnensa ya kama sautin. Idan hoton ya riga sautin da sakan biyu, an yi asarar darasin.

Sai kuma shiru, wanda ya fi komai wuyar koyo. Shirin Blue's Clues da ya fara a 1996 ya yi suna da shi. Mai gabatarwa zai dubi kyamara ya yi tambaya, sannan ya tsaya, ya daɗe a tsaye, tsayuwar da babba zai ji ta yi yawa har ya tsargu. A cikin wannan gurbin ne yaron da ke kallo yake buɗe baki ya ba da amsa. Masu shirin sun kuma riƙa maimaita kashi ɗaya kwana biyar a jere, Litinin zuwa Juma'a, domin sun lura yaro ba ya gajiya da maimaici. Kowace rana ƙara shiga cikin wasan yake yi.

Mai bidiyon tarihi nasa ciwon kan daban ne, tunda mafi yawan abin da ya wuce babu wanda ya ɗauke shi a fim. Ken Burns ya nuna yadda ake yi a The Civil War, dogon shirinsa na 1990 kan yaƙin basasar Amurka, yaƙin da aka yi tun ba a ƙirƙiro sinima ba. Tsofaffin hotuna marasa motsi ya samu. Sai ya sa kyamara ta yi tafiya a hankali a kan hoto: ta fara daga takalmin soja, ta hau zuwa hannunsa, ta tsaya a fuskarsa, wata murya tana karanta wasiƙar da wani soja ya aika gida. Yau manhajojin tace bidiyo da yawa suna da wannan salo, wasu har da sunansa a kai, kuma an yi ta amfani da shi barkatai. Gwanintar tana wurin zaɓen inda za a fara da inda za a tsaya, don ɗalibi ya koyi karanta hoto a matsayin shaida. Na fi girmama wannan a kan a sa wa 'yan wasa rawani da sulke su yi ta sara da takubba, yara su tashi suna zaton haka aka yi.

Batun tsawo ba ya buƙatar dogon zance. Binciken da Philip Guo da abokansa suka wallafa a 2014, bayan nazarin kallo kusan miliyan 7 a dandalin karatu na edX, ya nuna hankali yana fara zamewa bayan kamar minti 6. Manya ke nan, masu bin darussan jami'a.

Abin da ya fi ba ni sha'awa ya fito ne daga kimiyya. Derek Muller, mai tashar Veritasium a YouTube, a kan wannan batu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sidni ta Ostireliya, ya kammala a 2008. Ya nuna wa ɗaliban fiziks bidiyo mai bayani tsaf a kan dokokin motsi na Newton. Suka yaba, suka ce sun gane sarai. Da aka sake yi musu jarrabawa, makinsu kusan bai motsa ba, sai dai ƙarfin gwiwarsu da ya ƙaru. Dalili kuwa, sun zo da tasu fahimtar tun daga gida, misali cewa ƙwallon da aka cilla sama yana tafe da wani ƙarfi na hannu da ke ci gaba da tura shi, kuma bayanin mai santsi ya wuce ta kansu bai taɓa wannan zaton ba. Sai ya yi wani bidiyon inda ɗalibi yake faɗin kuskuren da bakinsa, malami yana ja da shi har a warware. Waɗanda suka kalli wannan sun ce ya ruɗa su. Makinsu kuwa ya kusa ninkawa.

Duk wannan yana nufin gwanin bidiyo yana yin aikinsa ne da tunanin malamin da zai tsaya kusa da allo. Nijar ta gwada haka tun 1964, lokacin da aka fara talabijin na makaranta a wasu azuzuwa a yankin Yamai da taimakon Faransa: gajeren darasi ya fito a akwati, mai kula da aji ya ɗora da tambayoyi da aikin hannu. Har yau tsarin bai canza ba, ko da allon ya koma na wayar malami.

Ɗauki bidiyon da ɗan sama-jannati David Scott ya yi a kan wata a 1971, a tafiyar Apollo 15. Yana riƙe da guduma a hannu ɗaya, gashin tsuntsu a ɗayan. Malamar da ta san aikinta a nan za ta tsayar da hoton, ta ce, “Yara, wanne zai riga isa ƙasa?” Ta sa kowa ya ɗaga hannu ya zaɓa, a ƙirga, a rubuta a allo. Yawanci guduma za su ce. Sai ta saki bidiyon, su ga biyun sun dira tare, domin babu iska a wata da za ta tokare gashin. Daga nan ta yage takarda biyu daga littafi ɗaya, ta dunƙule guda ta bar guda a shimfiɗe, ta kira yaro ya hau benci ya sake su a lokaci ɗaya, ta tambayi ajin me ya sa dunƙulalliyar ta riga faɗuwa alhali nauyinsu ɗaya.