Hali Zanen Dutse: Kalma Ɗaya, Fuska Biyu

A rubutun boko, haruffa huɗu ne kacal: h-a-l-i. A bakin Bahaushe kuwa kalmomi biyu ne. Akwai hali mai dogon wasali, wanda aka aro daga Larabci, wato yanayin da mutum ya tsinci kansa a ciki, kamar halin yunwa ko halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Shi ne kuma ake nufi idan aka ce wane mai hali ne, wato yana da abin hannu. Wannan yakan zo ya wuce. Sai kuma hali mai gajeren wasali, wanda karin magana ta kira zanen dutse.

Na biyun nake son dubawa, domin ya bambanta da maƙwabtansa. Al'ada ta jama'a ce, ana gadonta, ana kuma iya yar da ita. Sabo yakan shiga jiki ne ta hanyar maimaici, shi ya sa aka kira shi turken wawa. Turke kuwa ana tuge shi. Amma da zarar an ce "halinsa ne", an rufe shari'a, ba a ƙara sa ran gyara.

Abubakar Imam ya ci moriyar wannan ma'ana a Ruwan Bagaja (1934). Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna haɗuwa gari bayan gari, kowa na rama abin da aka yi masa. Halin da suke ciki yana sauyawa, halinsu bai motsa ba, kuma daga nan dariyar take fitowa: mai karatu ya san abin da za su aikata, yadda za su aikata ne bai sani ba.

Abin da ya yi wa labarin barkwanci daɗi, a ganina, shi ya zama cikas ga ƙagaggun labaran zaman aure da yawa na yau. Kishiya muguwa ce tun shafin farko, uwar miji ma haka, marubuci bai ga wajibcin nuna abin da ya mai da su hakan ba. Ya fake da karin magana, ya huta. Alhali al'ummar da ta ce zanen dutse ita ce ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wato ta yarda akwai lokacin da ba a yi zanen ba tukuna. Wannan lokacin nake nema a littattafan, na ga wane talauci, wace gori, wane gidan miji ya riƙe wa kishiyar nan guduma.